Idan Yaro Ne a Gaban Bindigar Soja: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Ta Bari a Hannun Mai Gadi

A ƙarshen Yulin 2014 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa jami'an tsaro sun kama wata yarinya 'yar shekara 10 a Funtuwa da jigidar bam ɗaure a jikinta. Shekara goma bayan nan, ranar 6 ga Agustan 2024, lokacin dokar hana fita da ta biyo bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, harsashin soja ya kashe wani yaro ɗan shekara 16 a Samaru. Rundunar sojan ƙasa ta ce harbin gargaɗi sojan ya yi don tarwatsa matasan da ke ƙona tayoyi suna jifan jami'ai, ta kuma ce ta tsare shi. Iyalan yaron kuwa sun shaida wa 'yan jarida cewa gudu ya yi ya shige gida, harsashin ya same shi ta bayan ƙofa.

Wanda ya riƙe labarin Funtuwa zai ce ƙuruciya ba ta hana bam tashi, a bar soja ya kare ransa. Wanda ya riƙe na Samaru zai ce da sunan barazana ake kashe 'ya'yan talakawa. Kowa yana da abin kamawa. Sai dai dokar da ke hukunta lamari na farko daban take da wadda ke hukunta na biyu, kuma daga cakuɗa su ne yawancin ruɗanin ke tasowa.

Zariya tana da wata alaƙa ta daban da batun. Tun 1924 ake horas da kuratan sojan ƙasa a makarantar Depot, ga barikin Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna. Saurayin da zai tsaya gadi a shingen bincike a Bama ko Birnin Gwari, mai yiwuwa a nan ya koyi riƙe bindiga, kuma wani lokaci bai girmi yaron da ke tunkaro shi da fiye da shekara huɗu ko biyar ba.

## Wane ne yaro, kuma yaushe yake zama abin hari

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, da takwararta ta Afirka ta 1990, da dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003, duk sun tsaya a kan cewa wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Dokar yaƙi ta zo da wani adadin: 15. Ƙarin yarjejeniyoyin Geneva na 1977 sun hana ɗaukar wanda bai kai 15 ba aikin soja, sannan Dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun manyan laifuka ta duniya da ke Hague, ta mai da yin hakan laifin yaƙi. A kan wannan laifin ne kotun ta ɗaure Thomas Lubanga, madugun wata ƙungiyar mayaƙa a Kongo, shekara 14 a 2012. Wata ƙarin yarjejeniya ta shekarar 2000, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ɗaga shekarun shiga faɗa zuwa 18, ta kuma haramta wa ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba ko da ya kawo kansa. Masu tambaya ko wannan ya shafi ɗaliban makarantar sakandaren soja ta NMS da ke Zariya, wadda aka kafa a 1954, su sani cewa wannan yarjejeniya ta ware makarantun da rundunar soja ke gudanarwa daga sharaɗin ɗaga shekarun ɗauka. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a kai yaro fagen fama.

Duk waɗannan dokoki da wanda ya damƙa wa yaro makami suke magana. Sojan da yaron ya saita wa bindiga wata ƙa'ida ce ta shafe shi: farar hula yana da kariya daga hari, sai in ya shiga faɗa kai tsaye, kuma na tsawon lokacin da yake cikin faɗan kawai. Ƙa'idar ba ta ambaci shekaru ba. Ɗan shekara 13 da ke buɗe wuta ya rasa wannan kariya a lokacin da yake harbin. Da zarar ya yar da bindiga, ko ya ji rauni, ko aka kama shi, kariyar ta dawo, har da ƙarin kulawar da ake bai wa yara.

To mene ne shiga faɗa kai tsaye? Bisa bayanin da kwamitin Red Cross na duniya ya fitar a 2009, harbi yana ciki, dasa bam yana ciki, nuna wa maharba inda sojoji suke yayin artabu yana ciki. Dafa abinci, ɗebo ruwa, zama a ƙauyen da mayaƙa ke iko da shi, ko kasancewa ɗan wani kwamanda, ba sa ciki. Idan kuma aka rasa tabbas, abin da yarjejeniyar 1977 ta ce shi ne a ɗauki mutum farar hula. Wato ganin yarinya da hijabi mai faɗi tana tafiya da sauri bai zama hujja ba.

## Yadda aka zo nan

Sojan Najeriya ya fara cin karo da yara masu makami da yawa tun kafin Boko Haram. Dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990 sun tarar madugun 'yan tawaye Charles Taylor yana da rukunin ƙananan yara na musamman, haka 'yan tawayen RUF a Saliyo. Bayan harin da aka kai Freetown a Janairun 1999, ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidun ta'asar 'yan tawaye, ta kuma zargi dakarun ECOMOG da kashe waɗanda ake zargi ba tare da shari'a ba, ciki har da yara.

Dalilan da ke sa ƙungiyoyi ɗaukar yara sanannu ne: bindigar AK-47 ba ta fi kilo huɗu zuwa biyar ba, yaro ba ya neman albashi, yana da saurin bin umarni, kuma ba a cika caje shi ba. Boko Haram ta ƙara wani abu, ta mai da jikin yaron kansa makami. Asusun UNICEF ya ƙirga yara 117 da aka yi amfani da su wajen kai harin bam a ƙasashen yankin Tafkin Chadi daga 2014 zuwa watanni ukun farko na 2017. A watan Agustan 2017 ya ce a wannan shekarar kaɗai an yi amfani da 83 a arewa maso gabashin Najeriya: 'yan mata 55, maza 27, da jariri ɗaya da aka goya wa wata yarinya. Mutanen Zariya ba sa buƙatar a yi musu bayanin fargabar wancan zamani, tun da bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari ranar 7 ga Yulin 2015, a cikin ma'aikatan da ke layin tantancewa, ya kashe aƙalla mutum 25.

Akwai wani al'amari da ya fi adadin nan nauyi ga sojan da ke shinge. A Fabrairun 2016 an tura 'yan mata uku sansanin 'yan gudun hijira na Dikwa. Biyu suka tayar da bam ɗinsu, mutum fiye da 50 suka mutu. Ta ukun ta ƙi, ta miƙa kanta. Ba ita kaɗai ba ce. An sha samun 'yan matan da suka nufi shingen sojoji don a kwance musu abin da aka ɗaura musu. Ma'ana, ko da soja ya tabbatar akwai bam a jikin yarinya, bai san ko ta zo tayarwa ne ko ta zo neman ceto ba, kuma tafiyar duka biyun iri ɗaya ce. Wanda ya turo ta ya san da haka. In sojan ya yi jinkiri, an kashe sojoji. In ya harba, an sami gawar yarinya da za a nuna wa mutanen gari. Gaba kura, baya sayaki, kuma da gangan aka tsara shi haka.

## Dajin Sambisa daban, titin Samaru daban

Duk abin da aka faɗa a kan shiga faɗa kai tsaye yana aiki ne inda ake yaƙi a ma'anar doka, kamar tsakanin gwamnati da Boko Haram ko ISWAP a arewa maso gabas. Zanga-zanga, dokar hana fita, tare hanya da jifa da duwatsu ba yaƙi ba ne. Sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya ba da damar a kira soja ya taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda, amma kiran bai mai da titi filin daga ba. A nan ma'aunin shi ne sashe na 33 mai kare haƙƙin rayuwa, da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda suka shafi soja idan yana aikin ɗan sanda. Sun ce ba a harbi da niyyar kisa sai idan babu wata hanya ta tsare rai.

Bambancin a aikace yana da girma. A filin daga ana iya kai wa mayaƙi hari ko da bai saita bindiga a wannan daƙiƙar ba. A titi kuwa, karya dokar hana fita ba hukuncin kisa ba ne, gudu ba hujjar harbi ba ce, kuma dutse a hannun ɗan shekara 15 ba ya kai matsayin barazana ga rai sai a yanayi na musamman. Matsalar ita ce horon kurtu ya fi karkata ga yanayi na farko, kuma kayan aikinsa ma haka. Ɗan sandan kwantar da tarzoma yana da garkuwa, kulki da barkonon tsohuwa. Sojan da aka sauke a mararraba sau da yawa murya ce da shi, sai bindiga, babu komai a tsakani.

Rikicin Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci a Zariya yana cikin wannan babi. Rundunar ta ce an tare wa babban hafsanta na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, hanya da nufin hallaka shi. Kwamitin binciken shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya ɗora wa Harkar laifin bijire wa hukuma, amma ya ce sojoji sun yi amfani da ƙarfi fiye da kima, ya kuma tabbatar da binne gawa 347 a kabari ɗaya. Ƙungiyar Amnesty ta ce akwai mata da yara a ciki. Kasancewar yara a cikin taron da hukuma ke kallo a matsayin haramtacce ba ya sauke wa mai harbi nauyin tantancewa, kamar yadda ba ya wanke wanda ya kai yara wurin da ya san za a iya buɗe wuta.

## Abin da ke cikin littattafan fiƙihu

Mas'alar ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatu na birnin Zazzau. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Annabi (SAW) ya hana kashe mata da yara a yaƙi. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, wadda ke cikin Muwaɗɗa, ta maimaita haka, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, da almajirai ke karantawa har gobe, ta kawo hanin a babin jihadi. Ta ɓangaren ɗauka kuma, Ibn Umar ɗin nan an mai da shi gida ranar Uhudu yana da shekara 14, aka karɓe shi ranar Handaƙ yana da 15.

Malamai sun kuma tattauna wanda ya afka wa mutum da makami alhali yaro ne ko mai taɓin hankali. Sun yarda mutum ya kare kansa, bisa sharaɗin ya fara da mafi sauƙin hanya: in tsawa za ta isa ba a duka, in duka zai isa ba a kisa. Inda suka saɓa shi ne abin da ke biyo baya. Jamhuru, ciki har da Malikiyya, suna ganin babu diyya idan babu wata mafita sai kisan. Sanannen ra'ayin Hanafiyya kuwa shi ne a biya diyya, domin yaro ba a rubuta masa laifi, don haka aikinsa bai zubar da alfarmar jininsa ba. Wannan saɓani na ƙarnonin baya kusan shi ne wanda lauyoyi da hafsoshi ke yi a yau.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Ɓangare na farko, wanda ya fi ƙarfi a barikoki, yana cewa harsashin yaro da na babba duk kisa suke yi, kuma idan mayaƙa suka gane soja ba ya iya harbin yaro, za su ƙara tura yara gaba. Suna kawo misalin da ya shahara a Amurka: a Yunin 2005 wasu sojojin ƙundumbala huɗu da ke leƙen asiri a lardin Kunar na Afghanistan sun ci karo da makiyayan awaki, ciki har da wani yaro, suka sake su. Ba a jima ba mayaƙa suka far musu, uku suka mutu, aka kuma harbo jirgin da ya kawo ɗauki da mutum 16 a ciki. Masu suka suna amsawa da cewa ba a tabbatar makiyayan ne suka tona asirin ba, kuma ko da su ne, kashe wanda ba ya ɗauke da makami saboda abin da zai iya faɗa gobe kisan kai ne a kowace doka. A wannan gaɓar doka tana tare da masu sukan.

Ɓangare na biyu, na ƙungiyoyin kare haƙƙin yara da wasu masana ɗa'ar yaƙi, yana cewa yaron da aka sace aka ɗaura wa bam wanda aka zalunta ne, don haka ya kamata soja ya ɗauki kasadar da ba zai ɗauka ba in babba ne a gabansa. Raunin wannan matsayi shi ne ba sojan kaɗai ke ɗaukar kasadar ba. Akwai masu sayar da kaya da fasinjojin da ke layi a bayansa.

Matsayi na uku ya fi kowanne amfani ga mai tsara aiki, domin ya kauce wa daƙiƙa ukun ƙarshe kafin harbi ya koma kan abin da ya gabace su. Janar Roméo Dallaire na Kanada, wanda ya jagoranci dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda a 1994, yana cikin waɗanda suka fi tura shi, kuma a 2017 rundunar Kanada ta fitar da rubutaccen tsari kan yadda sojanta zai tunkari yara masu makami. Tsarin bai hana harbi ba idan ya zama dole. Tunanin da ke bayansa shi ne a shirya soja tun daga wajen horo. A shingen bincike wannan yana nufin a ja layin tsayawa nesa da masu gadi, a sa buhunan yashi, a samu mai jin yaren mutanen wurin da lasifika, a samu mata masu caje mata, a kuma ware wurin da wadda ke son miƙa kanta za ta tsaya ta ɗaga hannu. Tazara ita ke sayo lokaci. Idan babu ita, kurtu ne ke biyan kuɗin abin da manyansa ba su tanada ba.

## Bayan an harba, ko bayan an kama

Likitocin ƙwaƙwalwa da suka yi aiki da tsofaffin sojoji, irin su Jonathan Shay na Amurka, sun bambanta firgicin yaƙi da wani ciwo da suke kira raunin lamiri: ƙuncin wanda ya aikata, ko ya gani, abin da ya saɓa wa tarbiyyarsa. Kotun soji na iya wanke mutum amma ciwon ya zauna, ya fito ta hanyar rashin barci, shaye-shaye, ko zafin hannu a gida. Wanda ya fasa harbi abokansa suka mutu shi ma yana iya ɗauke da irinsa.

Yaron da aka kama da rai ma ba a gama da shi ba. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an tsare yara fiye da 3,600 a hannun sojojin Najeriya daga Janairun 2013 zuwa Maris 2019, da yawansu a barikin Giwa na Maiduguri. A ƙarshen Satumban 2022 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniyar miƙa duk yaron da aka kama yayin aikin soja ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai. 'Yan kato da gora na Borno su ma sun sallami yara 833 daga cikin sahunsu a 2018 da 894 a 2019 bayan alkawarin daina amfani da yara da suka ɗauka a 2017. Ta fuskar hukunci kuwa, bayan rahoton kamfanin Reuters na Disambar 2022 da ya zargi sojoji da kashe yara, wanda rundunar ta musanta, kwamitin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ƙarƙashin Mai Shari'a Abdu Aboki ya ce a 2024 bai sami shaidar tsararren shiri ba, amma ya sami sojoji da laifin kisa, har da yara, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Marte a 2016.

## Abin da ya shafi mutanen gari

Yaran da zargi ya fi faɗawa a kai su ne waɗanda rayuwarsu a kan hanya take: almajirai, 'yan talla, yaran mota, da yaran Fulani masu kiwo a dazukan Giwa da Birnin Gwari, inda 'yan bindiga ke amfani da samari wajen leƙen asiri da kai man fetur. A irin waɗannan wurare sanda da waya a hannun makiyayi na iya isa a ɗauke shi ɗan rahoto, kuma yaron da ba shi da takardar haihuwa yana da wahalar nuna cewa bai kai 18 ba. Rajistar haihuwa, wadda ake gani aikin ofis ne kawai, tana iya zama abin da ke raba kwana bakwai da watanni a tsare.

Ga iyaye da malaman tsangaya, lokacin dokar hana fita ne mafi hatsari, domin yaro in ya ga motar soja gudu yake yi, soja kuma yana iya fassara gudun da rashin gaskiya. Koya wa yara su tsaya cak, hannu a fili, yana rage hatsarin, ko da yake bai mai da laifi kan yaron da tsoro ya sa shi gudu ba.

Idan abin ya riga ya faru, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, akwai sashen haƙƙin ɗan Adam da rundunar sojan ƙasa ta buɗe a 2016, akwai kuma kotu. Dukkansu shaida suke nema: lokaci, wuri, lambar mota, sunayen waɗanda suka gani, da kwankon harsashi in an tsinta. A nan al'adar gaggauta jana'iza takan ci karo da buƙatar shari'a, domin da zarar an rufe gawa ba tare da takardar likita mai nuna ta inda harsashi ya shiga da ta inda ya fita ba, gardamar ko yaron yana tunkarowa ne ko yana gudu takan koma maganar iyali a gefe guda, ta runduna a gefe guda.